Taku Arba'in da Biyu

In ka haɗu da Talatu Kefas a layinsu na Malali, abin da za ka fara gani agogo ne. Agogon maza ne, babba, mai baƙin maɗauri, ya yi wa hannunta yawa har sai da mai gyaran takalmi ya ƙara masa huda. Kuna tsaka da gaisawa za ta dube shi. Tana gaban mai tumatir za ta dube shi. Matan Zumunta na cocinsu sun daɗe da daina jin haushi, sai tsokana, wai ko ranar tashin ƙiyama sai Maman Grace ta tambayi mala'ika ƙarfe nawa. Ita kuwa ba ta musu. Murmushin gajiya take yi, ta sake duban agogon.

Daga wani ƙauye da ke bayan Kafanchan ta zo Kaduna tana 'yar shekara ashirin, da takardar makarantar koyon aikin lafiya da akwati guda. Shekara talatin da uku ta yi a bayan tagar ba da magani a wani asibitin gwamnati, tana ƙirga ƙwayoyi cikin 'yan ledoji tana miƙawa ta tsakanin ƙarafa. Abokan aikinta miƙawa kawai suke yi su kira na gaba. Ita ce mai dogon bayani, shi ya sa layinta ya fi na kowa tsawo, kuma ita ce kullum ta ƙarshen tashi.

Bayanin ɗaya ne, ta maimaita shi har ya zame mata kamar addu'ar cin abinci. "Baba, ƙwayar nan ba ta san inda ke maka ciwo ba. In ka haɗiye ta, ciki za ta sauka ta narke, ta wuce hanji, daga nan ta shiga jini. Hanta ta tare ta, ta rage wani abu. Abin da ya tsira shi jini ke yawo da shi ko'ina a jiki har ya tarar da gurbin da ya dace da shi, kamar makulli da kwaɗo, ya shiga ya yi aikinsa. Yana cikin aikin kuma ƙoda na tace shi tana zubarwa a fitsari. Shi ya sa aka ce sau uku a rana: kafin na safe ya ƙare, na rana ya iso. Kaɗan ba ya aiki, mai yawa kuma guba ne. Ka gane?"

Kowa sai ya ce ya gane. Akwai wani Malam Datti, mai sayar da huluna daga Unguwar Shanu, da ya gyaɗa kai ya ce, "Sista, ai na gane sarai, Allah ya yi albarka." Washegari aka kawo shi ranga-ranga cikin keke mai ƙafa uku, ya haɗiye maganin kwana uku a zama ɗaya. Da ya farfaɗo ta tambaye shi dalili, sai ya ce, "Tafiya ce a gabana, Sista. Na ce bari in haɗa masa aikin gaba ɗaya ya yi ya gama." Ranar ta yi dariya har da hawaye. Amma irin su Malam Datti ba ɗaya ba ne, ba ɗari ba, kuma a hankali dariyar ta ƙare, gajiyar ta rage. Lokacin da ta ajiye aiki, ta ce bakinta ya yi ritaya tare da ita, ba ta ƙara yi wa kowa bayanin komai.

Shirinsu ita da mijinta Kefas shi ne su koma gida su noma citta. Kefas malamin firamare ne, shi ke koya wa yara fareti duk shekara, dogo, mai faɗin taku, wanda in kuna tafiya tare sai ka haɗa da sassarfa. Daga Malali zuwa Unguwar Kanawa a ƙafa yake zuwa makaranta, wai abin hawa na ragwaye ne. Talatu ce ta fara lura. Ta ga rubutunsa na ƙanƙancewa, ta ga hannunsa na dama ya daina lilo in yana tafiya, ta ga babban yatsansa na murza na kusa da shi kamar mai jan carbi. Kafin likita ya buɗe baki ta riga ta san sunan ciwon, don ta sha miƙa maganinsa ta taga. Ciwon Parkinson ne, mutanen layi kuwa suka sa masa ciwon rawar jiki. Wani sinadari ne da ƙwaƙwalwa ke yi don ta ba gaɓoɓi umarni, nasa yana ƙarewa, ƙwayar kuma ita ke kai wa ƙwaƙwalwar abin da za ta sake haɗa shi. Ba warkewa ake yi ba. Maganar citta ta mutu a nan.

Shekarun farko ƙwayar ta yi musu halacci, ya sha da safe ya wuni garau. Daga shekara ta shida abin ya fara gajarcewa. Ya sha, a yi jiran minti talatin da biyar, jiki ya saki, ya yi awa biyu da rabi yana mutum, sannan komai ya sake ɗaurewa. Har suna suka sa wa abin a gidan. "Ya zo," in ji Kefas in ya ji sakin. "Ya tafi," in ji shi in ƙafafun suka manne da ƙasa, ya tsaya cak a bakin ƙofa, ransa na son wucewa, ƙafa ta ce ba da ita ba. A wannan shekarar ce Talatu ta cire agogon daga hannunsa, tunda rawar hannun ba ta barinsa ya ga lokaci, ta ɗaura a nata.

Sai kuma maganar nama. Wannan ƙwayar, ƙofar da take bi ta shiga jini daga hanji, da wadda take bi daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, ita ce ƙofar da abin da ke cikin nama da wake da ƙwai ke bi. In suka haɗu sai a yi rububi kamar na masu shiga bas a Kawo, kuma ƙwayar ce ake turewa. Ciki in ya cika da maiƙo ma, sai ya riƙe ta awa biyu bai sake ta ba. Don haka Talatu ta mai da nama da wake abincin yamma, lokacin da ba inda za shi. Da safe koko, da rana tuwo da miya zalla.

Wata Kirsimeti yayar Kefas, Rifkatu, ta zo daga gida. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, har yau kuma kallon yaro take masa duk da furfurarsa. Ta leƙa kwanonsa na rana ta ga ba ko tsoka ɗaya, ta leƙa tukunya ta ga nama. Kafin sabuwar shekara duk ƙauyen ya ji cewa Talatu na hana ɗan'uwansu nama. Maganar ta dawo wa Talatu, ta yi mata ciwo ƙwarai. Da ta ɗauki waya ta yi bayani, da minti biyar ya isa. Ba ta yi ba. Ta ce ta yi wa baƙi bayani shekara talatin da uku sun ce sun gane, ba za ta tsaya gaban dangin miji tana kare kanta kamar ɓarauniya ba. Zuciya ce, da gajiya, kuma ita kanta ta san ba daidai ta yi ba.

'Ya ɗaya Allah ya bar musu, Grace. Ranar da aka sa ranar aurenta da Joshua, Kefas ya jira baƙi suka watse, ya ce, "Maman Grace, abu ɗaya nake roƙo. Ni zan kai ta gaban bagadi da ƙafata. Ba a keken guragu ba, ba wani ya riƙe ni ba. Bayan wannan, duk yadda jikin ya ga dama ya yi."

Talatu ta ɗauki abin kamar aikin gwamnati. Ta roƙi fasto makullin coci, ranar Alhamis uku a jere suka je da hantsi lokacin da ba kowa. Ta sayi littafin rubutu na 'yan makaranta tana rubutawa. Ƙwaya ƙarfe tara da kwata, ciki ba komai sai shayi ba madara. Ya zo goma saura minti goma. Daga ƙofa zuwa bagadi taku arba'in da biyu. Sau uku suka gwada, sau uku ya kai, ita ce a madadin amarya, da jakarta a hammata. A na ukun har ya yi mata tsiya, wai amaryar nan ta cika duban agogo. Aka sa shigowar amarya ƙarfe goma da minti goma daidai, fasto ya yi alkawari ba za a yi lattin Najeriya ba.

Ranar Asabar ɗin gidan ya cika tun da sassafe. Mota guda ta zo daga ƙauye, Rifkatu a gaba. Talatu ta yi wa Kefas wanka, ta sa masa babbar riga, ta ɗaura masa sababbin takalma, ta zaunar da shi a ɗaki da kofin shayi. Takwas da rabi maƙwabciyarsu Shamsiyya, wadda a tsakar gidanta aka kafa tukwanen biki, ta leƙo da sauri ta ce shinkafa na neman kamawa kuma masu girki na faɗa a kan gishiri. Talatu ta dubi agogo, ta ga tana da sarari. Minti ashirin da biyar ta yi a can.

Tun daga bakin ƙofa ƙamshin ya gaya mata. Rifkatu na zaune a kan tabarma gaban ƙaninta, fuskarta fal farin ciki, ga kwanuka biyu an sharce su tas. Farfesun akuya ne, da waken nan nasu na gida mai manja da riɗi, wanda ba a biki sai da shi.

"Yaya," in ji Talatu. "Me kika ba shi?"

"Abinci, matarmu. Uban amarya ba ya fita da yunwa, haka muka taso muka gani. Akuyar nan tun bara nake kiwonta saboda yau. Kin ga yadda ya ci kuwa? Kamar wanda ya shekara bai ga nama ba."

Talatu ta juya ta dubi mijinta. Shi ya sani, ya sani sarai. Ya sunkuyar da kai, manja a gefen bakinsa, ya ce a hankali, "Da hannunta ta ba ni, Maman Grace. Na kasa ce mata a'a."

Ta so ta yi ihu, ta so ta yi jifa da kwanukan, amma ihu ba ya fitar da wake daga ciki. Ta ɗauki tsumma ta goge masa baki. Tara da kwata na cika ta ba shi ƙwayar da ruwa kofi guda cike, ta tsaya a kansa har ya shanye. Suka shiga mota suka kama hanyar coci. Goma saura minti goma ta yi, ta wuce. Hannunsa na kan gwiwa yana ta rawa.

A harabar coci, kafin a fito da shi, ya kama gefen zanenta. "Ki ba ni ta biyu," in ji shi. "Yau kaɗai."

Tana da ita a jaka, cikin 'yar leda, ta ƙarfe ɗaya da kwata. Hannunta har ya kai kan zif ɗin. Amma ta san ta farkon ba ɓata ta yi ba, tana can cikin ciki bayan nama tana jiran a buɗe mata. In ta ƙara wata, tare za su jira, tare kuma za su afka masa, watakila ana tsakiyar wa'azi. Ta taɓa ganin haka sau ɗaya da ya manta ya sha biyu: jiki na murɗewa ba da sonsa ba, amai, jiri ya kayar da shi a banɗaki, ya wuni yana ganin yara a ɗakin da ba kowa. Mutum ɗari huɗu ne a cikin cocin nan.

"A'a, Baban Grace."

"Talatu." Ya yi shekaru bai kira ta da sunanta ba.

"A'a."

Ya saki zanen. Bai sake dubanta ba, kuma wannan ya fi mata komai zafi a ranar.

Goma da minti goma suna bakin ƙofa. Grace cikin farar riga ta saƙala hannunta a nasa, matan Zumunta suka buga tuluna, jama'a suka miƙe suka juyo. Kefas ya tsaya. Talatu ta matso bayansa tana raɗa masa abin da ya shekara talatin yana faɗa wa yara, "Hagu, dama, hagu." Ya ja ƙafa sau uku, 'yan ƙanana, sannan sababbin takalman suka manne. Gumi ya keto masa. Waƙar ta ƙare, aka sake ɗaukarta daga farko. Ta sake ƙarewa. Grace na cewa, "Baba, ba komai, mu jira, ni ba na sauri," hawaye na ɓata mata kwalliya. Can gaba Joshua na tsaye yana waiwaye.

Kefas ne ya yanke. Ya kira ƙaninsa da 'yar muryar da ciwon ya bar masa. "Gideon. Zo ka kai 'yarka."

Mutum biyu suka ɗaga shi zuwa bencin ƙarshe, Talatu ta zauna kusa da shi. Daga nan suka ga bayan Grace yana nisa. Da fasto ya tambaya wa ya ba da wannan yarinya aure, Gideon ya amsa da ƙarfi. Kefas ma ya amsa, "Ni ne," amma muryar ba ta wuce bencin gabansu ba. Talatu kaɗai ta ji.

Sha biyu saura aka tashi. Aka yi hotuna a waje, amarya da ango suka shigo suka durƙusa gabansa ya sa musu albarka, sannan jama'a suka ɗunguma zuwa filin makarantar da za a yi liyafa. Talatu ta ce da direba ya je ya dawo, ba za a ciccibi mijinta a gaban mutane sau biyu a rana ɗaya ba. Rifkatu ce ta ƙarshen fita. Ta tsaya a gefen bencin tana murza bakin gyalenta.

"Matarmu, abincina ne?"

Talatu ta buɗe bakin da ta ce ya yi ritaya. Ta faɗa mata maganar ƙofa ɗaya, da rububi, da cikin da ke riƙe ƙwaya. Bai fi minti biyu ba. Rifkatu ta saurara har ƙarshe, ba ta ce ta gane ba. Cewa ta yi, "To me ya hana ki faɗa mini tun waccan Kirsimetin?" Talatu ta sauke ido kan agogo. Tsohuwar ta dafa kan ƙaninta, ta fita tana share ido.

Suka rage su biyu, sai fankar sama da ke juyi da furannin roba a jikin bencina. Sha biyu da minti ashirin da biyar, Talatu ta ga yatsun nan sun daina murza juna. Ta ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ɗaga ƙafar dama ya ajiye, ya ɗaga ta hagu.

"Ya zo," in ji shi.

Ya miƙe ba tare da ya dafa komai ba. Ya gyara babbar rigarsa, ya koma bakin ƙofa daidai inda ya tsaya ɗazu, ya lanƙwasa hannu ya jira. Ta tashi ta saƙala nata, da jakarta a hammata kamar ranakun Alhamis. Ya taka irin takunsa na da, mai faɗi, har sai da ta haɗa da sassarfa. Ita ke ƙirgawa a zuci. Taku talatin da takwas suka kai shi.

Ya tsaya gaban bagadi ya daɗe yana kallon inda 'yarsa ta durƙusa. "Da kin ba ni ta biyun," in ji shi.

"Da yanzu kana ƙasa."

"Na sani." Ya ja numfashi. "Nawa muke da shi?"

Ta dubi agogo. "Awa biyu, in Allah ya so. Watakila bai kai ba."

"To mu je. Ko a filin ne, ta gan ni a tsaye."

Ya juya zai tafi, sai ita ta ji ƙafafunta sun ƙi. Ba ciwo ba ne, gajiya ce zalla, ta yau da ta shekara takwas, ta sauko mata gaba ɗaya. Ga bencin farko a gefenta, an manna masa takarda an rubuta Iyayen Amarya, ba wanda ya zauna a kai. Ta zube a kansa.

"Ka ba ni minti biyar, Baban Grace," in ji ta. Tana faɗa ta ji kunya, don ta san daga cikin awa biyunsa take roƙo.

Kefas ya dubi ƙofa, inda motar ta riga ta dawo tana jira. Sannan ya dawo ya zauna kusa da ita. Ya kamo hannunta, ya kwance maɗaurin da yatsun da yanzu suke jin maganarsa, ya ɗaura agogon a nasa hannun.

"Rufe idonki," in ji shi. "Ni zan duba."